Kamun kifi da yawon jirgin ruwa na nishaɗi a Norway

Kamun kifi da yawon jirgin ruwa na nishaɗi a Norway al'ada ce ta fita teku a ƙaramin jirgi, ko tsayawa a bakin gaɓa da sandar fatsa, domin hutawa da samun kifin da za a ci a gida, ba don sayarwa ba. Norway ƙasa ce a arewacin Turai mai mutane kusan miliyan 5.5. Wani bincike da aka yi a shekarar 2018 ya ƙiyasta cewa akwai jiragen nishaɗi sama da 900,000 a ƙasar, wato kusan jirgi ɗaya ga kowane mutum shida. Yawancinsu ƙanana ne, marasa rufi, masu inji a baya. Kamun kifi da ƙugiya a ruwan teku kyauta ne, ba a neman lasisi, ba a biyan kowa. Saboda haka a can ba a ɗaukar fita teku a matsayin abin masu kuɗi. Abu ne da malamin makaranta ko direban bas zai iya yi da yamma bayan ya tashi daga aiki.

Yanayin ƙasa

Gaɓar tekun Norway na cikin mafi tsawo a duniya. Hukumar taswirar ƙasar ta auna ta a kan kilomita 100,915 idan an haɗa da tsibirai, ta kuma ƙidaya tsibirai 239,057, manya da ƙanana. Abin da ya ƙara wa gaɓar tsawo shi ne mashigan teku masu zurfi da ake kira fjord, waɗanda dusar ƙanƙara ta sassaƙa a cikin duwatsu dubban shekaru da suka wuce, ruwan teku kuma ya shiga ya cike su. A wurare da yawa jerin ƙananan tsibirai da duwatsu, da ake kira skjærgård, sun tsaya tsakanin gaɓa da buɗaɗɗen teku, suna karya ƙarfin igiyar ruwa. Wannan ne ya sa jirgin da bai wuce mita biyar ba yake iya yin tafiya mai nisa a cikin ruwa mai lafawa.

Kusan rabin tsawon ƙasar yana can arewa inda ya kamata a ce teku ya daskare da hunturu. Bai daskarewa, saboda wani ruwa mai ɗumi da ke kwararowa daga kudancin tekun Atlantika yana bin gaɓar har ƙarshenta. A tsibiran Lofoten rana ba ta faɗuwa daga ƙarshen watan Mayu zuwa tsakiyar Yuli, mutum na iya fita kamun kifi da ƙarfe ɗayan dare yana ganin bakin ƙugiyarsa.

Tarihi

Kafin kamun kifi ya zama nishaɗi, hanyar rayuwa ne. Ƙasar noma kaɗan ce a gaɓar Norway, damina kuma gajeriya. Iyalai da yawa sun rayu a tsarin da ake kira fiskerbonde, wato masunci manomi: namiji yana teku, mace tana riƙe da gona da dabbobi. Jirgi shi ne jakin gidan, da shi ake zuwa coci, da kasuwa, da gidan maƙwabci, domin a yankuna da dama hanyar mota ba ta iso ba sai a ƙarni na 20.

Babban su na shekara shi ne na Lofoten. Daga watan Janairu zuwa Afrilu wani nau'in kifin kod da ake kira skrei yana barin tekun Barents ya gangaro gaɓar arewacin Norway don zuba ƙwai. Maza daga ko'ina cikin arewa sukan taru a can. Tarihin ƙasar ya ce Sarki Øystein ya sa an gina wa masunta ɗakunan kwana a Vågan wajen shekarar 1120. Irin waɗannan ɗakuna na katako, masu jan fenti, da ke tsaye a kan dirkoki a bakin ruwa, su ake kira rorbu. A yau yawancinsu masu yawon buɗe ido ake ba haya. Kifin da aka kama ana rataye shi a kan katako, iska mai sanyi ta busar da shi ba tare da gishiri ba. Italiya da Najeriya na cikin manyan masu sayen wannan busasshen kifi. Shi ne wanda ake gani a kasuwannin Najeriya da sunan okporoko ko panla, musamman kawunansa.

Abubuwa uku ne suka mayar da jirgin aiki jirgin hutu. Na farko shi ne injin da ake maƙalawa a bayan jirgi. Ole Evinrude, wanda ya ƙera ɗaya daga cikin na farko da suka samu kasuwa, a birnin Milwaukee na Amurka wajen 1909, haifaffen Norway ne da iyayensa suka yi ƙaura da shi yana yaro. Na biyu shi ne dokar hutu ta 1947 da ta ba ma'aikata mako uku na hutu a shekara da albashinsu. Na uku shi ne zuwan jiragen roba masu araha daga shekarun 1950 zuwa 1960, waɗanda ba sa buƙatar shafa kwalta da gyaran katako kowace shekara. Jikokin masuntan da suka koma birni sun riƙe gidan kakanni a bakin teku da rumfar ajiye jirgi, suna komawa lokacin hutu.

Kalmomin da ke tattare da al'adar

Akwai wasu kalmomi na harshen Norway da ke nuna yadda mutanen ke kallon wannan fita.

Friluftsliv kalma ce da aka haɗa daga guda uku: fri, wato 'yanci ko sakewa, luft, iska, da liv, rayuwa. Ma'anarta rayuwa a sarari. Ana danganta fara rubuta ta ga marubuci Henrik Ibsen, a wata waƙa da ya rubuta a 1859, daga baya kuma mai binciken yankin ƙanƙara Fridtjof Nansen ya yaɗa ra'ayin. Kalmar ba ta ɗauke da ma'anar gasa ko nuna bajinta. Wanda ya hau dutse mai tsawo yana friluftsliv, haka ma tsohon da ya tuƙa jirginsa mita ɗari biyu daga gida ya zauna yana shan kofi daga fulas.

Matauk ta fi kusa da kamun kifi. Mat abinci ne, auk kuma ƙari. Ana nufin abin da mutum ya samo da hannunsa daga teku ko daji ya ƙara a tukunyar gida: kifi, ƙaguwa, 'ya'yan itacen daji, naman farauta. Kalmar ta fito daga zamanin da wannan ƙari yake raba iyali da yunwa. Yanzu ƙasar na cikin masu arziki a duniya, amma kalmar ba ta mutu ba, kuma ita ce ke bayyana abin da baƙi kan yi mamaki: mutumin Norway da ya kama kifi, cinye shi yake yi. Kama kifi a ɗauki hoto a mayar da shi ruwa, wanda ya zama ruwan dare a Birtaniya da Amurka, bai samu karɓuwa sosai a wajen masu kamun teku na gargajiya ba. Wasunsu na ganin wasa da abinci ne.

Sai kuma kos, wadda ake fassarawa da jin daɗi na natsuwa, irin na zama da iyali a wuri mai ɗumi ba tare da gaggawa ba. Ana cewa båtkos, daɗin zama a jirgi. Akwai kuma méd, wadda ke ɓacewa a hankali. Kafin zuwan na'urar nuna wuri ta tauraron ɗan'adam, masunci yana gane inda kifi yake ne ta hanyar daidaita alamomi biyu-biyu a kan tudu: idan ƙololuwar wancan dutse ta hau kan hasumiyar coci, kuma bakin wancan tsibiri ya rufe wancan gida, to an iso wurin. Kowane méd yana da sunansa, uba ke koya wa ɗa, ba a cika faɗa wa bare ba.

Jiragen da ake amfani da su

Tsohon salon ƙira a yankin shi ne a jera allunan katako, bakin kowane allo ya hau kan na ƙasa da shi, a haɗa su da ƙusa. Da haka aka ƙera jiragen mutanen Viking. Hukumar UNESCO ta sa wannan sana'a ta ƙasashen arewacin Turai cikin jerin al'adun gado na duniya a 2021. Færing jirgi ne mai filafili huɗu. Oselvar ana ƙera shi a yankin Os kusa da Bergen. Nordlandsbåt na arewa ne, mai dogon goshi gaba da baya.

Jirgin da ya fi kama da halin wannan nishaɗi shi ne snekke, na katako ko na roba, mai tsini gaba da baya, da ƙaramin inji a ciki mai tafiya a hankali. Ba ya sauri, ba ya shan mai, ƙarar injinsa kuma a kudancin ƙasar alama ce ta shigowar lokacin zafi. Garin Risør yana yin bikin jiragen katako kowane watan Agusta. Masu jiragen da iska ke turawa kuma suna da tseren Færder, da ake yi daga Oslo a watan Yuni tun 1947.

Kifaye da yadda ake kama su

Torsk, wato kod, shi ne sarki. Ana kama shi da pilk, wani ƙarfe mai nauyi da sheƙi mai siffar kifi, da ƙugiya a ƙasansa. Ana sake shi har ya taɓa ƙasa, a ɗaga kaɗan, sannan a riƙa fizga ana saki. Ba a sa koto. Kod mafi girma da aka taɓa kamawa da sanda, mai nauyin kilo 47, wani Bajamushe mai suna Michael Eisele ne ya kama shi a kusa da tsibirin Sørøya a watan Afrilun 2013. A garin Svolvær ana gasar kamun skrei kowane watan Maris tun 1991, ana kiranta gasar duniya, ko da yake rabin abin biki ne na gari. A lokacin ake cin mølje, wato naman kod da hantarsa da ƙwansa a dafe, da dankali. Yaran Lofoten kuma na samun kuɗin kashewa ta hanyar yanke harsunan kod daga kawunan da aka tara a ma'aikatar kifi, domin harshen abinci ne mai tsada.

Makrell yana zuwa da zafi, garke-garke. Shi ne kifin da ake sayarwa a daskare a Najeriya da sunan titus. Ana kama shi da zare mai ƙugiyoyi da yawa da ake ja a bayan jirgi yana tafiya a hankali, kuma idan aka faɗa cikin garke, bokiti na cika cikin minti kaɗan. Shi ne kifin da yawancin yara ke fara kamawa. Kafin su kai nan, sun riga sun koyi kwanciya rub da ciki a kan gadar katako suna kama ƙananan ƙaguwa da zare da maƙalin shanya, su tara a bokiti, su mayar da su ruwa da yamma.

Sei kifi ne mai ƙarfi da ke son ruwa mai gudu. Wurin da ya fi shahara da shi shi ne Saltstraumen kusa da birnin Bodø, wani matsatsi mai tsawon kilomita 3 da faɗin mita 150, inda ruwa mai yawan gaske ke kutsawa duk bayan awa shida idan teku na cikowa ko janyewa, da gudun da kan kai kusan kilomita 37 a awa. A nan aka kama sei mai kilo 22.7 da sanda. Kveite kuma kifi ne mai faɗi da ke kwanciya a ƙasan teku, yana iya wuce kilo 100. Doka ta ce duk wanda ya wuce mita biyu a sake shi, domin manyan mata ne masu ƙwai da yawa.

Ranar 1 ga Oktoba ake buɗe kamun hummer, babban jatan lande mai manyan hannaye. Mutane kan ɗauki hutu daga aiki don su jefa tarkunansu da safiyar ranar.

Haƙƙi da dokoki

Dokar fita sarari ta 1957 ta rubuta wani tsohon haƙƙi da ake kira allemannsretten, haƙƙin kowa da kowa. A ƙarƙashinta mutum na iya tafiya da jirgi a teku, ya tsaya a gaɓar da ba gona ba ce ba kuma farfajiyar gida ba, ya yi wanka, ya kafa tanti har kwana biyu muddin ya ba gidan da ake zaune a ciki tazarar mita 150, ko da filin na wani ne. Dokar albarkatun teku ta 2008 kuma ta ce kifayen teku na al'ummar Norway ne baki ɗaya. A koguna da tafkuna abin ya bambanta: haƙƙin kamun kifi na mai filin ne, sai an sayi izini.

Mazaunin ƙasar na iya amfani da koma mai tsawon da bai wuce mita 210 ba, da mamari mai ƙugiya har 300, da tarko har 20. Yana kuma iya sayar da abin da bai wuce kuɗin Norway kurona 50,000 a shekara ba, ta hannun masu saye da aka amince da su. Baƙo ɗan yawon buɗe ido sanda ko zaren hannu kawai aka yarje masa, kuma ba ya sayarwa. Kowa dole ya bar tazarar mita 100 daga gonakin kiwon kifi idan zai jefa ƙugiya.

Game da tuƙi, tun watan Mayun 2010 duk wanda aka haifa daga 1 ga Janairun 1980 zuwa sama sai ya mallaki takardar shaidar tuƙi kafin ya ja jirgin da ya wuce mita 8 ko mai inji sama da ƙarfin doki 25. Waɗanda suka girmi haka an ƙyale su. Daga 2015 an wajabta sa rigar hana nutsewa a jirgin da bai kai mita 8 ba idan yana tafiya. A 2023 aka ƙara wata takarda ta daban ga masu jirage masu tsananin gudu. Iyakar giya a jinin matuƙin ƙaramin jirgi ita ce 0.8 cikin dubu, alhali ta direban mota 0.2 ce, bambancin da ake ta jayayya a kansa shekara da shekaru.

Haɗari

Kowace shekara mutane tsakanin 20 zuwa 40 ne ke mutuwa a haɗurran jiragen nishaɗi a Norway. Mafi yawansu maza ne manya. Ba guguwa a tsakiyar teku ce ke cin yawancinsu ba. Sau da yawa mutum ne shi kaɗai a ƙaramin jirgi kusa da gaɓa, ya miƙe don jan koma ko tarko ya faɗa ruwa, ko kuma ya zame tsakanin jirgi da gada da daddare bayan ya sha. Ruwan yana da sanyi ko da a watan Yuli. Wanda ya faɗa ciki numfashinsa ke fara ƙwacewa, bayan mintoci kaɗan hannaye su daina riƙo, har gwanin iyo ya kasa hawa jirgin da ke gefensa. Baƙi masu hayar jirgi, waɗanda wasunsu ba su taɓa tuƙi a teku ba, su ma suna cikin waɗanda abin ke ritsawa da su.

Ƙungiyar ceto ta Redningsselskapet, da aka kafa a 1891, tana da jirage a tashoshi tun daga kudu har arewa, wasu da ma'aikata, wasu da 'yan sa-kai. Jirginta na farko, na 1893, an sa masa sunan wanda ya zana shi, Colin Archer. An kafa ta ne don masunta. A yau yawancin kiran da take amsawa daga masu nishaɗi ne da injinsu ya mutu ko suka hau dutse.

Raguwar kifi da taƙaddama

Kifin kod na Norway iri biyu ne. Skrei matafiyi ne daga tekun Barents, kuma Norway da Rasha ke raba kasonsa a tsakaninsu. Na gaɓa kuwa zaunannen wuri ne, kowane fjord da nasa, kuma idan aka cinye na wani wuri ba a cika samun wani ya zo ya maye gurbinsa da wuri ba. Wannan na biyun ne ƙananan jirage ke kamawa. A fjord ɗin Oslo, inda jama'a suka fi yawa, kod ya ragu har gwamnati ta hana kama shi gaba ɗaya a watan Yunin 2019, daga yankin Telemark zuwa iyakar Suwidin. Masana a Cibiyar Binciken Teku da ke Bergen sun danganta raguwar da abubuwa da dama a haɗe: yawan kamu, ɗumamar ruwa, da takin gona da ruwan ƙazanta da ke gangarowa cikin fjord ɗin. A wasu yankunan kudu binciken ya nuna cewa masu nishaɗi sun fi masuntan sana'a kama kod na gaɓa da hummer. Wannan ya yi wa mutane da yawa wuyar karɓa, domin kowa na kallon bokitinsa guda ne kawai. Tun 2017 mai son kamun hummer sai ya yi rajista, tarkonsa kada ya wuce goma, kuma mace mai ɗauke da ƙwai a mayar da ita. An kuma wajabta ɗaure ƙofar tarko da zaren auduga mai ruɓewa, don tarkon da ya ɓace a ƙasan teku ya buɗe da kansa, kada ya ci gaba da kashe abin da ya shiga.

A arewa rigimar ta baƙi ce. Dubban masu kamun kifi, da yawansu daga Jamus da ƙasashen gabashin Turai, na zuwa kowace shekara su kama rorbu da jirgi na mako guda. Ƙauyukan da matasa suka gudu suka bari suna samun kuɗi da aikin yi daga wannan. Masuntan sana'a kuwa na ƙorafin cewa su an ƙayyade musu kaso ana bin diddiginsu, alhali wasu na fita da kifi cike da akwatunan sanyi. A 2006 aka sa iyakar kilo 15 ga abin da baƙo zai fita da shi daga ƙasar. A 2018 aka wajabta wa masu ba da hayar jirage yin rajista da kai rahoton kifin da baƙinsu suka kama. A 2021 aka mayar da iyakar kilo 18, sau biyu a shekara, kuma ga wanda ya sauka a wurin da ke da rajista kaɗai. Jami'an kwastan a kan iyakar Finland da Suwidin na ci gaba da kama motoci ɗauke da ɗaruruwan kilo na yankakken kifi.

Akwai kuma batun bakin ruwan kansa. Dokar tsara gine-gine ta hana gini a cikin mita 100 daga gaɓa, amma ƙananan hukumomi na ba da izini na musamman, kuma a kusa da Oslo da gaɓar kudu gidajen hutu, shingaye da gadoji na masu zaman kansu sun rufe wurare da yawa. Don haka gwamnati ta sayi wasu tsibirai da gaɓoɓi, ko ta yi yarjejeniya da masu su, ta ware su ga jama'a. A yankin Sørlandet ana kiran wannan tsari Skjærgårdsparken, inda aka kafa ƙarafan ɗaure jirgi a jikin duwatsu, da banɗakuna, da wuraren zuba shara da ma'aikata ke zagayawa da jirgi suna kwashewa.